Hajiya ta ce zawon haƙori ne, a daina ba shi abinci

Tambaya:

Assalamu alaikum. Ɗana watansa 14, yau kwana biyu ke nan yana zawo kamar ruwa, sau biyar ko shida a yini, ya kuma yi amai sau biyu. Yana shan nono, yana neman ruwa da kansa. Uwar mijina da muke gida ɗaya ta ce haƙori ne, a daina ba shi kunu da fura har cikin ya huta, a jiƙa masa kanwa da saiwa. Maƙwabciyata kuma ta ce in ba shi lemon kwalba ya ji ƙarfi. Ba na son in yi wa Hajiya musu, amma jikin yaron yana ba ni tsoro. Sannan maigidana ɗan kabu-kabu ne, tun da zafi ya shigo kullum da ciwon kai yake dawowa, fitsarinsa ja, wani dare ma ƙafarsa sai ta ɗaure. Me zan riƙa dafa musu, me kuma za su sha?

Wata uwa daga Garin Malam, Damagaram

Amsa:

Wa alaikumus salam, maman yaro. Allah ya ba shi lafiya. Kafin ki ci gaba da karatu, ɗauko shi ki kwantar a cinyarki ki duba. Idanunsa sun faɗa fiye da yadda kika san su? Taɓa maɗigarsa, in ba ta riga ta rufe ba, ki ji ko ta lotsa. Sa babban yatsa da manuniya ki kamo fatar cikinsa, tsakanin cibiya da kwiɓi, ki saki: ta lafiyayyen yaro nan take take komawa, ta wanda ruwan jikinsa ya ragu a hankali take kwanciya. Miƙa masa ruwa ki ga irin shan da zai yi. Sannan ki tuna yaushe rabonsa da fitsari.

In kin ga fatar ta daɗe a tsaye fiye da daƙiƙa biyu, ko yaron ya yi laƙwas ba ya ko iya kuka, ko ya kasa sha, ko duk abin da ya shiga bakinsa sai ya dawo, ko akwai jini a kashin, ko zazzaɓi mai zafi, ko ya kai awa shida zuwa takwas bai yi fitsari ba, to maganar gida ta ƙare. Goya shi sai CSI mafi kusa, wato ƙaramin asibitin unguwa, ko Asibitin Ƙasa, ko da tsakar dare ne, kina ba shi nono a hanya in yana iya tsotsa. Haka nan in dama yaron yana da tamowa, wato ƙafafunsa sun kumbura ko zaren awon dantse ya nuna ja, ƙasa da milimita 115. Irin wannan yaron ba a ba shi ruwan gishiri da sukari na yau da kullum, zuciyarsa ba ta ɗaukar gishirin. Akwai nasa haɗin daban da ake kira ReSoMal, a asibiti kaɗai ake ba da shi.

Yadda kika kwatanta, yana sha yana tsotsa, akwai aikin da za ki fara yanzu a gida. Duk da haka ki kai shi a duba shi yau ko gobe da safe, don a auna shi, a ba ki ƙwayar zink, in da zazzaɓi a yi masa gwajin maleriya.

Abin da zawo yake kwashewa daga jikin yaro ruwa ne haɗe da gishiri, har da wani sinadari mai suna fotasiyam da zuciya da tsokoki ke aiki da shi. Shi ya sa ruwa zalla ba ya mayar da abin da aka rasa. Hanji yana da wata ƙofa da ba ta buɗewa sai gishiri da sukari sun zo tare, daidai wa daida, in sun shige sai ruwa ya bi bayansu cikin jini. Ko hanjin yana zawo wannan ƙofar tana aiki. A kan wannan aka gina SRO, wato ƙunshin garin gishiri da sukari da kike gani a farmasi. A 1971, a sansanin ƴan gudun hijirar yaƙin Bangaladash, wani likita ɗan Indiya, Dilip Mahalanabis, ya ga ruwan ƙari ya ƙare masa ga kwalara na kashe mutane, sai ya sa dangin marasa lafiya suna ba su wannan haɗin da kofi, mace-mace suka sauko daga kusan 30 cikin ɗari zuwa ƙasa da 4. Ƙunshin yanzu na lita ɗaya yana ɗauke da giram 2.6 na gishiri, 13.5 na sukarin gulukos, 1.5 na gishirin fotasiyam da 2.9 na wani sinadari mai suna sitirat. Awo ne aka yi da sikeli, don haka ke ma sai da awo.

Wanke hannu da sabulu. Tafasa ruwa har ya yi minti ɗaya yana zaɓalɓala, ki rufe ya huce. Auna lita ɗaya cif, ki juye ƙunshin gaba ɗaya, ki motsa har ya narke. Karanta jikin ledar tukuna, ko ki sa a karanta miki, domin a kasuwa ana samun na rabin lita. Babbar kwalbar ruwan roba lita ɗaya da rabi ce, in kin cika ta haɗin ya yi salam. Ledar ruwan sanyi kuwa ba duka ne rabin lita ba, sai an duba rubutun. Kuskuren da ya fi yawa shi ne uwa ta tsakuri garin ta zuba a ɗan kofi don ta yi tattalin sauran. Nan gishirin yake fin ƙarfin ruwan, ya janyo ruwan jikin yaro zuwa hanji, ya kuma iya taɓa ƙwaƙwalwa har a ga yaro yana jijjiga. Kada ki ƙara sukari don ya yi daɗi, kada ki zuba shi cikin kunu ko madara, kada ki tafasa shi bayan kin haɗa. Ki rufe, in ya kai awa 24 ki zubar ki haɗa sabo. A zafin Afrilu da Mayu ki sa robar a gindin randa.

Yaro ƙasa da shekara biyu ana ba shi mililita 50 zuwa 100 bayan kowane zawo. Cokalin shayi mililita 5 ne, ke nan cokali 10 zuwa 20. Murfin maganin siro mai layi-layi ya fi sauƙin awo. Daga shekara biyu zuwa goma 100 zuwa 200, babba kuwa ya sha iya son ransa. In idon ya ɗan faɗa, yana ƙishi sosai yana rigima, ma'aikatan lafiya sukan ba da mililita 75 a kan kowane kilo cikin awa huɗu. Yaro mai kilo 9 ke nan zai sha 675, kuma an fi son a yi wannan a gabansu su sake duba shi.

Da cokali za ki ba shi, cokali ɗaya kowane minti ɗaya ko biyu, yana zaune a cinyarki. Ban da bulumboti, ban da ɗure. In ya yi amai kada ki karaya, ki jira minti goma ki ci gaba a hankali fiye da da. Mafi yawan abin da ya sha ya riga ya wuce, abin da ya fito kaɗan ne ko da ya jiƙa miki zane. In kin ga fatar idonsa ta kumbura, ki dakata da SRO ki ba shi nono da ruwa zalla. Ki kuma sani SRO ba ya tsayar da zawo. Iyaye da yawa sukan ce "na ba shi bai yi ba" don sun ga yana ci gaba da fita. Aikinsa ya riƙe yaron har cutar ta wuce, wadda galibi takan yi kwana uku zuwa bakwai.

In dare ya yi babu SRO a gida, ki haɗa na wucin gadi: lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, sukari cokalin shayi 6, gishiri rabin cokalin shayi. Cokalin a shafe, ki bi kansa da bayan wuƙa, ba a tsiri ba. Sukari mai ƙwaya girmansa ya bambanta, daka shi ki auna da cokali. Gishirin kuma na miya mai laushi, ban da manda ko kantu. Ɗanɗana kafin ki ba shi, kada ya fi hawaye gishiri. Ki lura kada hannu ya juya awon, an sha yin haka cikin ruɗu, gishiri shida sukari rabi, kuma wannan kisa yake yi. Na gida ba shi da fotasiyam, don haka gari na wayewa a nemo na ƙunshi.

Zink kuwa shi ne yake rage tsawon zawon, yake gyara fatar hanji, yake kuma rage dawowarsa wata biyu zuwa uku masu zuwa. Ƙwaya ɗaya ta miligiram 20 kullum, kwana 10 zuwa 14 yadda aka rubuta miki, jariri ƙasa da wata shida rabin ƙwaya. A cokali ake narkar da ita da ɗan nono ko ruwa. Ki ba shi bayan ya ci wani abu, don a kan yunwa tana tayar da zuciya. Ko zawon ya tsaya a kwana na uku, a cika kwanakin.

Yanzu maganar abinci, inda muka saɓa da Hajiya. Gaskiyarta ɗaya: in yaro ya ci, kashin yakan ɗan ƙaru, ido yana gani. Abin da ido ba ya gani shi ne ko ana zawo hanji yana tsotse mafi yawan abincin, kuma fatar hanjin da cutar ta goge da abinci take sabunta kanta. A hana yaro ci kwana uku, zawon ya daɗe, nauyinsa ya zube, wata mai zuwa ya sake kamuwa cikin sauƙi. Ta wannan hanyar yara da yawa suke gangarawa cikin tamowa, zawo ya kawo rama, rama ta kawo zawo.

Nono shi ne na farko, ki ƙara yawan ba shi dare da rana. Sannan abinci kaɗan-kaɗan, sau biyar ko shida a yini, kada ki jira ya nema. Kunun gero ko na shinkafa mai kauri, wanda in kin karkata cokali ba ya zuba kamar ruwa, ki sa masa cokalin shayi ɗaya na man gyaɗa da cokali ɗaya na garin ƙuli-ƙuli marar yaji. Tsululun kunu ciki kawai yake cikawa. Koko na ƙullun da ya yi tsami yana da kyau, tsamin yana hana ƙwayoyin cuta saurin yaɗuwa a ciki. Shinkafa da ta dahu luguf, dankali ko kabewa da aka murje, dafaffen ƙwai, kifi da aka cire wa ƙaya, nama da aka daka, romon kaza da karas da ɗan gishiri. Ruwan da kika tace daga dafaffiyar shinkafa kada ki zubar, ɗan gishirin da ke ciki ya mai da shi abin sha mai amfani. Ayaba nunanniya rabi ko guda a yini tana mayar da fotasiyam, haka ɗan ruwan lemon zaƙi da kika matse da hannunki ba sukari.

Fura ba laifi, sai dai a duba da me aka dama ta. Da tafasasshen ruwa, ba yaji, nonon kuma wanda aka dafa madararsa kafin ya yi tsami. Ƙanƙarar da ake saye a leda kada ta shiga, ba ki san ruwan da aka yi ta da shi ba. Kunun da ya wuce awa biyu a ajiye cikin wannan zafin sai an sake tafasa shi. Tsamiya a rage ta har zawon ya tsaya, tana sakin ciki.

Lemon kwalba da maƙwabciyarki ta ce, sukarinsa ya kai giram 100 a lita, gishiri kusan babu. Ki gwada da 13.5 na SRO. Sukarin da hanji ya kasa tsotsewa yakan tsaya ciki ya janyo ruwa, zawon ya ƙaru. Haka zoɓo mai zaƙi, jus na kwali da shayi. Kanwa kuwa gishiri ce mai ƙarfi da ba wanda ya san awonta, tana sakin ciki, ƙodar yaron da ruwa ya ƙare wa ba ta iya fitar da ita. Jiƙon saiwa ma haka, ga shi sau da yawa da ɗanyen ruwa ake jiƙa shi. Kafson da masu tallan magani suke yawo da shi a tire kada ki saya. Mafi yawan zawon yara irin na bairos ne, kafso ba ya taɓa shi, ƙwayar tsayar da zawo kuma takan kumbura cikin yaro ta sa shi barcin da zai hana shi sha.

Batun haƙori, mun san daga ina ya fito. Lokacin da haƙori yake tsirowa shi ne lokacin da yaro yake rarrafe, yake kai komai baki don dasashi na yi masa ƙaiƙayi, yake fara cin abincin gida. Ƙazantar da ta shiga ce take kawo zawon, haƙorin tare kawai suka zo. Amma ba sai kin ci Hajiya da hujja ba. Ko haƙori ne ko ba haƙori ba, ruwan da ya fita sai an mayar. Ki bar mata sunan ciwon, ki riƙe maganin. Ki sa maigida ya yi mata magana, daga bakin ɗanta ta fi sauƙin ji. In za ki CSI ki ce, "Hajiya, ki raka ni, kin fi ni sanin jikinsa," ta ji bayanin da kunnenta. In kun dawo ki miƙa mata kofin da cokalin. Cokali ɗaya duk minti biyu aikin mai haƙuri ne, kaka ta fi uwa iya shi, ke ga girki ga wanki. Kanwar dai, ko za a ɓata, kada ta shiga bakinsa.

Sai maigida. Mai yini a kan mashin cikin rana mai digiri 40 da ɗoriya yana iya zubar da lita guda ta gumi a awa ɗaya, kuma iskar gudu tana busar da gumin, ba ya ma ganin ya jiƙe. Ciwon kai, jan fitsari da ɗaurewar tsoka duk daga nan suke. Ya sha rabin lita kafin ya fita, ya rataya kwalbar lita ɗaya da rabi da aka naɗe da jiƙaƙƙen buhu, ya riƙa kurɓar kimanin kofi guda duk minti 20 a tsakiyar rana ko bai ji ƙishi ba, ya sake cika ta. Kada kuma ya wuce lita ɗaya da rabi a awa guda, ruwa mai yawa lokaci ɗaya ba abinci yana tsinka gishirin jini. Ma'auninsa fitsari: in ya yi haske, yana zuwa sau biyar ko shida a yini, an dace.

Gishirin da yake rasawa abinci ne zai mayar, ba sai ya lashi gishiri ba. Matsalar ƴan kabu-kabu da yawa ita ce fita da shayi kawai, sai goro, sai dare. Ki tabbata ya karya da koko da ƙosai ko ɗumame da miya. Da rana fura da nono ta fi komai dacewa da irin aikinsa, ga ruwa, ga hatsi, ga fotasiyam na nono, in an sa garin ƙwalba da nono, wato ɗiyan kuka, ta ƙara amfani. Kankana fiye da kashi 90 cikin ɗari ruwa ce, gurji ma haka, sai dai ya sa a yanka masa a gabansa, ba wadda ta yini a buɗe ƙuda na bi ba. Da dare tuwo da miya mai ruwa-ruwa, kuka ko kuɓewa ko zogale. Kilishi da tsire in ya ci ya bi su da ruwa sosai. Shayi ba a hana shi ba, amma ɗan kofin nan ba ya cikin lissafi, lemon ƙara kuzari na gwangwani kuma ya bar shi. Ranar da ya dawo a galabaice da jiri, ki haɗa masa SRO lita ɗaya ya sha a hankali cikin awa biyu. In yana da hawan jini, ciwon ƙoda ko na zuciya, ya tambayi likita tukuna.

In ya gyara shan ruwa kwana biyu fitsarin bai washe ba, ko akwai jini, ko ciwo a kwiɓi mai sauka mara, ko idonsa ya yi ɗorawa, a je a yi gwaji, tsakuwar ƙoda da ciwon hanta da maleriya duk suna sauya launin fitsari. In kuwa wata rana aka kawo shi jiki zau, yana sambatu ko ya suma, a kwantar da shi inuwa, a cire riga, a kwarara masa ruwa ana fifita, a nufi asibiti. Wanda ba ya cikin hayyacinsa ba a ɗura masa komai.

Ita kanta Hajiya ki sa mata ido. Tsufa yana dusashe jin ƙishi, tsohuwa sai ta yini da kofi biyu ba ta damu ba, musamman mai azumin Litinin da Alhamis. Ki ɗaura mata shan ruwa da lokutan salla, kofi ɗaya bayan kowace, da kunu ko fura da hantsi. Ke kuma mai shayarwa kina bukatar ƙarin kusan kofi uku a yini kan na sauran mata, ajiye ruwa kusa da inda kike zama ba da nono.

Mun san wahalar ruwa a Damagaram, pampo ya ɗauke, a saya wurin ƴan ga-ruwa a tara a bido kwana da kwanaki. Ba duka za ki iya tafasawa ba, gawayi kuɗi ne. Ware bido ɗaya mai murfi don sha kawai, ki tafasa na yaron, ko ki sa Aquatabs, ƙwayar tsarkake ruwa, yadda takardarsa ta ce ki jira minti 30. A tsiyaya, kada a tsoma kofi. In randa ce, moɗa ɗaya mai dogon hannu a rataye sama. Kashin yaron a zuba shi masai, a wanke hannu da sabulu bayan an yi masa tsarki da kafin a taɓa abinci. In kin ga babba a gidan ya fara zawo fari kamar ruwan shinkafa, irin wanda aka gani lokacin kwalarar 2021, a fara SRO nan take a tafi asibiti ba jira.

Bayan zawon ya tsaya, ki ƙara wa yaron ci ɗaya kan wanda ya saba, kullum har mako biyu, sannan ki kai shi awo a ga ko nauyin ya dawo. In ya kai kwana uku ba sauƙi ki koma CSI, in kuma ya kai kwana 14 yana yi, wannan zawo ne mai naci da yake bukatar bincike na daban. In za ki fito daga farmasi ki sayo SRO uku ko huɗu, biyu ki ɓoye su cikin kwalla inda laima ba ta kaiwa.